Kwas Shida a Gefen Digiri

Ɗalibin da ya samu gurbi a jami'ar Najeriya ya san sashensa tun ranar da sunansa ya fito. In Kimiyyar Siyasa aka ba shi, ita zai karanta har ya sa rigar yaye, sai ɗan abin da ba a rasa ba na kwasa-kwasan gama-gari da na zaɓi. A Amurka tsarin daban ne. Ɗalibai da yawa sukan shiga ba su tsayar da fanni ba, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu su bayyana wanda suka zaɓa. Digirin shekara huɗu yakan kama kiredit 120, kuma babban fanni ba ya cinye su duka: wani ya ci sulusi, wani rabi, sannan ga kason da jami'a ke wajabta wa kowa. Abin da ya yi saura yana hannun ɗalibi. In ya ga dama ya watsa shi, kwas ɗaya na kiɗa, ɗaya na harshen Jamus, ɗaya na taurari. In ya ga dama ya tara shi wuri guda bisa sharuɗɗan wani sashe, a rubuta masa a takardar sakamako cewa ya yi ƙaramin fanni.

Nazarin muhalli na cikin ƙananan fannonin da jami'o'i da dama ke bayarwa a can. Kada a haɗa shi da tsangayoyin muhalli na jami'o'inmu, inda galibi ake koyar da zanen gine-gine da tsara birane da kimanta kuɗin gini. Nan maganar ruwa ce da iska da ƙasa da daji, da abin da mutum ke yi musu, da dokar da ke taka masa burki. Yana da ɗan'uwa, kimiyyar muhalli, wanda ya fi shi nauyi ta wajen kemistiri da lissafi. Shi nazarin muhalli faɗi ya nema: ya zaunar da masanin tattalin arziki da lauya da malamin tarihi a teburi ɗaya da mai auna ruwa.

Girman ƙaramin fannin bai taka kara ya karya ba. A yawancin wurare kwas biyar ne zuwa bakwai. Dokar jami'ar Penn State, alal misali, ta ce kowane ƙaramin fanni kada ya gaza kiredit 18, aƙalla 6 daga ciki a matakin 400, wato babban mataki, kuma a ci kowane kwas da makin C ko sama. Kwalejin Adabi da Kimiyya ta Berkeley a Kalifoniya ta daɗe tana neman kwas biyar na babban mataki, da matsakaicin maki 2.0, kuma kwas ɗaya tal aka yarda ya yi wa ɗalibi aiki a babban fanni da ƙarami a lokaci guda. A ma'aunin gwamnatin tarayyar Amurka, kiredit ɗaya awa ɗaya ce a aji da awa biyu na karatu a waje, kowane mako, na tsawon kusan mako 15. In aka buga lissafi, kwas shida masu kiredit uku-uku sun kama awa 800 da 'yan kai, wato kusan wata biyar na ma'aikacin da ke yin awa 40 a mako. Duk gardamar da ake yi kan sharuɗɗan, a kan waɗannan watanni biyar take: me za a cusa a cikinsu, alhali batun ya haɗa sararin samaniya da kotu da gona da bola?

Yadda fannin ya taso shi ya ba takardar sharuɗɗan siffarta. A 1962 Rachel Carson ta fitar da littafinta Silent Spring kan ɓarnar magungunan ƙwari irin su DDT. Kwalejin Middlebury a jihar Vermont ta buɗe digirin nazarin muhalli a 1965, ita ake yawan ambata a matsayin ta farko, Kwalejin Williams ta kafa cibiyarta a 1967. Sai ranar 28 ga Janairun 1969 rijiyar man kamfanin Union Oil ta fashe a teku daura da Santa Barbara, ɗanyen mai ya rufe gaɓa, dubban tsuntsaye suka mutu. A Yunin shekarar kogin Cuyahoga ya kama da wuta a Cleveland saboda man da ke yawo a samansa. Shekarar 1970 ta zo da komai a jere: dokar da ta tilasta wa hukumomin tarayya rubuta rahoton illar manyan ayyuka ga muhalli a ranar 1 ga Janairu, Ranar Duniya ta farko a 22 ga Afrilu wadda Sanata Gaylord Nelson ya assasa, sai hukumar kare muhalli, EPA, a Disamba. A wannan shekarar Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta buɗe shirinta, kuma cikin waɗanda suka kafa shi har da Roderick Nash, malamin tarihi. Jami'ar Wisconsin ta kafa tata cibiyar, wadda daga baya aka sa wa sunan Nelson.

Babu wanda ya tarar da malaman nazarin muhalli suna zaune suna jiran aiki, don babu su. Aro aka yi: mai bayoloji daga nan, mai jiyoloji daga can, lauya, masanin falsafa. Kowa ya zo da kwas ɗinsa, kowane sashe ya nemi kada a bar shi a baya. Shi ya sa har yau takardar ta kasu kusan iri ɗaya ko'ina: kwas ɗin gabatarwa guda, sai ɗaya daga kimiyya, ɗaya daga ilimin zamantakewa da siyasa, ɗaya daga tarihi ko falsafa ko adabi, sauran kuma ɗalibi ya zaɓa daga dogon jeri. Wasu sukan ƙara aikin kammalawa ko horon sanin makamar aiki.

Kwas ɗin gabatarwa ba shi da wata gardama. Zagaye ne na gaggawa: yawan jama'a, makamashi, ramin ozon da yarjejeniyar Montreal ta 1987, da layin nan mai hawa na iskar kabon da Charles Keeling ya fara aunawa a Mauna Loa a 1958, lokacin tana wajen kashi 315 cikin miliyan, yanzu ta haura 420. Ana yin sa a babban ɗaki, ana manta rabinsa bayan jarrabawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne sharaɗin kimiyya. Layi ɗaya ne a takarda, "kwas ɗaya daga rukunin kimiyya", amma a ƙarƙashinsa kwasa-kwasai iri biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Akwai waɗanda aka shirya wa 'yan adabi da zamantakewa, babu lissafi, babu ɗakin gwaje-gwaje, sai hotunan ƙanƙara na narkewa da tambayoyin canki-canka. Akwai kuma na gaske, ikoloji ko ilimin ruwa ko kemistirin muhalli, waɗanda ba a shigarsu sai an ci na share fage. Wannan shi ne ɓoyayyen kuɗin ƙaramin fannin: takarda ta ce kiredit 18, amma kwas ɗin ikolojin yana neman bayoloji na shekarar farko, na ruwan yana neman kemistiri ko kalkulas, kuma waɗannan ba sa shiga lissafin. Ɗalibin tarihi da ya zaɓi hanya mai wuya zai iya ƙarewa da kwas takwas maimakon shida. Ba abin mamaki ba ne in ya bi mai sauƙi.

A ganina nan ake gane shirin da ke mutunta ɗalibansa. Darasin da aka saba yi a irin waɗannan kwasa-kwasai shi ne fita rafi. Ɗalibai su sa dogon takalmin roba mai kaiwa ƙirji, ɗaya ya riƙe raga a ƙasan ruwa, ɗaya ya birkita duwatsu da ƙafa, a juye abin da aka kama a farin faranti a ƙirga tsutsotsin ƙwari. Wasu nau'o'in ba sa rayuwa sai a ruwa mai tsafta, rashinsu ma shaida ce. A tsoma na'ura a auna iskar oksijin da ke narke a ruwan: in ta sauka ƙasa da miligiram 5 a lita kifaye da yawa sun fara shan wuya, in ta kai ƙasa da 2 sai gudu ko mutuwa. A auna sama da bakin magudanar gari, a auna ƙasa da ita. Sannan a koma washegari a tarar lambar ta canza, don an yi ruwan sama da dare, ko don jiya da rana aka auna yau kuma da sassafe. Wanda ya taɓa ganin haka da idonsa, in wata rana aka ajiye masa rahoton kamfani da ke cewa an gwada ruwa lafiya lau, zai tambaya: sau nawa, a ina, da ƙarfe nawa, a wane wata? Ba a samun wannan tambayar daga kallon hotuna.

Rukunin zamantakewa ya fi kowanne cika da kaya: tattalin arzikin muhalli, dokokin muhalli, siyasa, labarin ƙasa. Kusan duk inda ɗalibi ya shiga zai ci karo da maƙalar Garrett Hardin ta 1968, wadda ta yi hujja da makiyayar da kowa ke da haƙƙi a cikinta: kowa zai ƙara dabbobinsa don ribar tasa ce shi kaɗai, asarar kuma ta kowa da kowa, har ciyawa ta ƙare. Malamin kirki ba ya barin ɗalibi a nan. Yakan haɗa masa da Elinor Ostrom, wadda a littafinta na 1990 ta tattaro misalan ƙauyukan Suwizaland da Japan da masu noman rani na Sifaniya da Filifin, waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru suna raba makiyaya da daji da ruwa bisa ƙa'idar da suka kafa da kansu, da tara ga wanda ya karya. Aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2009 ke nan. Bahaushen da ya san burtali da mashaya da gandun sarki ba baƙo ba ne a wannan muhawara. Yana ma iya tarar da ƙasarsa a jerin karatu: littafin Michael Watts na Berkeley, Silent Violence, wanda ya fito a 1983 bayan bincike a ƙasar Katsina, ya nuna yadda harajin Turawa da noman sayarwa suka raunana hanyoyin da talaka ke tsallake fari da su, kuma ana lissafa shi cikin tushen fannin da ke duba siyasar muhalli.

Rukuni na uku, na tarihi da falsafa da adabi, shi 'yan kimiyya suka fi rainawa, suna ganin cike gurbi ne. Amma a nan ne ɗalibin Amurka ke jin cewa gandun Yellowstone da aka keɓe a 1872 ba fayau yake ba, akwai 'yan asalin ƙasar da ke farauta da zama a ciki, aka raba su da shi. A nan yake karanta rigimar kwarin Hetch Hetchy, inda John Muir ya ce a bar shi yadda Allah ya yi shi, Gifford Pinchot ya ce birnin San Francisco na buƙatar ruwa, majalisa ta amince da madatsa a 1913. Dukansu biyu masu kare muhalli ake kiransu, kuma har gobe ana wannan rigimar da wasu sunaye.

In ana son ganin dalilin haɗa rukunan uku, a dubi garin Flint a jihar Michigan. A Afrilun 2014, lokacin da garin ke hannun kantoman da gwamnatin jiha ta naɗa saboda bashi, aka daina sayen ruwa daga Detroit aka koma ɗebo na kogin Flint don rage kashe kuɗi. Ba a zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan kogin ya fi na da kaifi, ya kankare ɓawon da ya daɗe yana lulluɓe cikin tsofaffin bututun dalma, gubar ta bi famfo ta shiga gidaje. Tun Oktoban shekarar masana'antar injin General Motors ta daina amfani da ruwan don yana sa kayanta tsatsa, mutane kuwa aka ci gaba da ce musu su sha. Sai a 2015 ayarin Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech ya gwada ruwan gidaje, likitar yara Mona Hanna-Attisha ta nuna cewa kason yaran da dalma ta yi yawa a jininsu ya kusa ninkawa. Mai kemistiri zai bayyana abin da ya faru a cikin bututu, amma ba zai gaya maka dalilin da ya sa wanda ba zaɓaɓɓe ba ya yanke hukunci kan ruwan gari ba. Mai ilimin siyasa zai bayyana wannan, amma in an miƙa masa sakamakon gwaji ba zai gane cewa an saki famfo ya zuba kafin a ɗebi ruwan ba, abin da ke rage dalmar da za a gani. Kuma sai da tarihi ake fahimtar yadda gari mai rinjayen baƙar fata, wanda masana'antu suka gudu suka bari, zai yi ta kuka fiye da shekara ba a saurare shi ba. Ƙaramin fanni ba zai mayar da kowa gwani a duka ukun ba. Abin da zai iya shi ne ya sa injiniya ya san akwai tambayar da ba ta cikin lissafinsa, ya sa lauya ya daina jin tsoron jadawalin lambobi.

Saboda haka ƙananan dokokin da ke ƙasan takarda, waɗanda ɗalibai ke ɗauka jan rai ne na ofis, su ne ƙashin bayan abin. Iyakar da aka sa wa kwas mai aiki biyu ita ce babba. Ba don ita ba, ɗalibin labarin ƙasa zai tashi da ƙaramin fannin muhalli ba tare da ya taka wani aji da ba na sashensu ba, tunda rabin kwasa-kwasansa suna cikin jerin. Wasu shirye-shiryen sun ma wuce nan: sukan ce ɗan kimiyya ya ɗauki mafi yawan zaɓinsa daga zamantakewa da adabi, ɗan adabi kuma daga kimiyya. Wannan shi ne sharaɗi mafi ma'ana da na sani a fannin, kuma shi ɗalibai suka fi ƙi. Dokar babban mataki tana hana mutum tara gabatarwa shida ya ce ya yi karatu. Sauran, irin su cewa rabin kiredit a jami'ar za a yi su, ko ba a karɓar kwas ɗin da aka ɗauka bisa "ya ci ko ya faɗi" ba tare da maki ba, tsaron mutuncin takarda ne kawai.

Masu suka ba su yi shiru ba, kuma daga cikin gida suke. A 1998 Michael Soulé da Daniel Press na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz suka buga maƙala a mujallar BioScience suna kukan cewa fannin ya yi faɗi har ya rasa zurfi, yana yaye ɗaliban da suka ɗanɗana komai ba su ƙware a komai ba. Bayan shekara biyu Michael Maniates da John Whissel suka mayar da martani a mujallar, suka ce an zuzuta matsalar. Digiri cikakke suke magana a kai. Ga ƙaramin fanni sukar ta rage kaifi, don ɗalibin yana da gida: zurfinsa yana wurin babban fanninsa. Wannan ne ma ya sa nake ganin nazarin muhalli ya fi dacewa da zama ƙaramin fanni a gefen injiniyanci ko aikin jarida ko kiwon lafiya, fiye da ya tsaya shi kaɗai a digirin farko.

Sai dai wani ɓangaren sukar yana nan daram. Inda shirin ba shi da malaman kansa, jerin zaɓi yakan kumbura ya kai kwas hamsin ko fiye, duk wanda kalmar muhalli ta gifta a bayaninsa an jefa shi ciki. Ka bi jerin da yatsa ka ga alamar tauraro a gefen wasu: ba a bayarwa kowace shekara, ko sai 'yan sashe sun gama ɗaukar gurbi, ko sai da izinin malami. Wani kwas ɗin malaminsa ya yi ritaya, sunan ne kawai ya rage. Zanen aro ba ya rufe katara: shugaban shirin ba shi da ikon ce wa sashen tattalin arziki ya koyar da kaza a zango kaza, roƙo ne nasa. Ɗalibai biyu za su iya fita da layi iri ɗaya a takardar sakamako alhali kwas ɗin gabatarwa kaɗai suka haɗa. Maganin da wasu suka samo shi ne a sa ɗalibi ya zaɓi jigo, ruwa ko abinci ko makamashi ko adalci, ya rubuta shafi guda yana bayyana yadda kwasa-kwasansa suka ɗinke, malami ya sa hannu. Wasu kuma aikin kammalawa suke dogara da shi, inda ɗalibai daga sassa daban-daban ke ɗaukar matsala guda ta gaske, kamar ambaliyar wata unguwa ko sharar ɗakin cin abincin jami'ar, su kai rahoto ga masu abin. Wannan ya fi tsada, don yana cin lokacin malami, shi ya sa ƙananan fannoni da yawa ba su da shi.

Ɗalibin da ya je daga ƙasashenmu yana da nasa lissafin. Ƙaramin fanni a takardar sakamako yake fitowa, a yawancin jami'o'i ba a rubuta shi a kan shaidar digiri. Ƙarin wata 24 na izinin aiki da Amurka ke ba ɗaliban waje da suka karanta kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, a kan babban fanni ake duba shi, ƙarami ba ya jawo shi. Ayyukan ƙwararru kuma kiredit suke ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya: mai neman aikin masanin ruwa a gwamnatin tarayya sai ya nuna kiredit 30 a fannonin da aka lissafa, 6 daga ciki na kalkulas, 6 na fizis, abin da ƙaramin fannin nazarin muhalli ba ya kusanta. Ɗan injiniyanci, wanda digirinsa kan wuce kiredit 120 kuma guraben zaɓinsa 'yan kaɗan ne, sai ya duba tun shekarar farko ko kwasa-kwasan gama-garin da aka wajabta masa za su iya shiga lissafin ƙaramin fannin, don jami'o'i da yawa sun yarda da wannan ko da sun hana haɗawa da babban fanni. In ya bari sai shekara ta uku, kwas ɗin da ake bayarwa shekara biyu sau ɗaya ya riga ya wuce shi, kuma ƙarin zango guda a Amurka kuɗi ne da ba kowace gwamnatin jiha ko mai ɗaukar nauyi zai yarda ya biya ba.